Kilo Tara da Ɗinkin Yayata

Anti, don Allah ki taimake ni, kwana goma sha ɗaya suka rage mini kuma kaina ya ɗaure tamau. Ki yi haƙuri da rubutun, rabi murna ce rabi fargaba.

Anti, daji zan shiga! Ni ɗin nan! Ba dajin bayan gari ba, kurmi na gaske, inda aka ce kullum sai an yi ruwa, bishiya kuwa sai ki ɗaga kai har ɗankwali ya zame ba ki ga ƙarshenta ba. Af, na fara miki daga tsakiya. Shekarata goma sha tara ina aiki a ɗakin adana ganyaye na wata cibiyar binciken tsirrai. Masana su tafi daji su tsinko ganye, a danne shi tsakanin tsofaffin jaridu ya bushe, ni kuma in liƙa shi a kwali da gam, in rubuta sunansa, in sa a durowa. Wasu ganyayen ko idona a rufe aka miƙo mini, da yatsa zan faɗi sunansu. Amma duk a bushe na san su, launinsu ɗaya da ganyen shayi. Ban taɓa ganin ko guda ɗaya ɗanye a jikin bishiyarsa ba.

Wata guda da ya wuce shugabar sashenmu ta kira ni ofis. Na shiga ina tunanin wane kwalin na ɓata. Sai ta ce mai danne musu ganye a daji ya samu karaya a ƙafa, suna neman wanda ya san aikin, ko zan bi su na mako uku. Wai ko zan bi su! Ban san sanda na rungume matar nan ba, ita da gaisuwa ma da ƙyar take amsawa. Allah ya ba mai karaya lafiya, amma wallahi na fito ina dariya ni kaɗai a baranda har mai gadi ya tambaye ni ko lafiya. Tun ranar sau biyu mota tana wucewa da ni inda nake sauka, ina can ina kallon bishiyoyi a cikin kaina.

To ga inda matsalar take. An ba kowa takarda. Jirgin saman da za mu hau na ƙarshe ƙarami ne, bayansa kuma kwale-kwale, saboda haka kowa kilo tara zai ɗauka, ba ƙari. An jera abin da za a kawo: takalmin roba mai tsawo, dogayen safa, rigar ruwa, wanduna da riguna masu dogon hannu na yadi mara nauyi, hula, da ledoji na ƙunshe kaya.

Ni kuma ina da Yaya. Ta girme ni da shekara goma sha huɗu, ita ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyarmu, kuma da keken ɗinkinta ta yi mini makaranta. Har yau gida ɗaya muke. Bara yanar ido ta fara rufe mata gani, likita ya ce ta huta, ta sallami masu kawo mata ɗinki ta rufe keken da zani. Da na gaya mata labarin tafiyar, ihun da ta yi sai da maƙwabciyarmu ta leƙo da ludayi a hannu. Washegari na dawo aiki na tarar ta yaye zanin keken. Ta ce ƙanwarta ba za ta shiga jirgi cikin manyan masana kamar wadda aka aika kasuwa ba.

Kala shida, Anti. Shida! Akwai leshi mai duwatsu, akwai shadda da ta sha sitati har tana iya tsayawa ba kowa a ciki, akwai wata doguwar riga shuɗiya mai jan ƙasa wadda da na gwada ta sai da na yi juyi uku a gaban madubi. Ni nake zura mata zare a allura domin ba ta ganin kafar, tana ɗinki fuskarta kusan a jikin yadin. Ta ce su ne ɗinkinta na ƙarshe, daga su ta gama. Har lambar wayarta ta ɗinke da jan zare a cikin wuyan kowace riga, sai ka ce 'yar firamare, ni da nake da shekara arba'in da shida. Kuma ta ce in ɗauki hoto da kowace kala a cikin dajin in turo mata.

Na saci jiki na kai su wurin mai sayar da gas ya ɗora mini a sikelinsa. Kilo bakwai da rabi. Takalmin roban kaɗai ya cinye sauran. Ina zan sa safa?

Takardar nan ban nuna mata ba, tana cikin jakata ta aiki. Wata abokiyar aikina ta ce in ajiye kayan a gidanta, kafin tafiya mu je bayan ofis inda ayaba ta yi duhu ta ɗauke ni hotuna shida, in riƙa turawa ɗaya-ɗaya. Mun yi dariya har da hawaye, har mun zaɓi gindin ayabar. Amma da na koma gida na ga Yaya tana yi wa shuɗiyar rigar guga tana lalubar gefenta da yatsa, sai dariyar ta ƙare mini. Ban taɓa yi mata ƙarya mai girman wannan ba. Wani lokaci ma sai in ce to in bar takalmin mana, in tafi da leshina, ai mutum ba ya mutuwa don ya shiga daji da kwalliya.

Anti, in yi ƙaryar hoton? In ɗauki kayan in bar na takarda? Ko in faɗa mata ɗinkinta na ƙarshe ba zai je ko'ina ba? Ina tsananin son tafiyar nan, kuma ina tsoron karya mata zuciya.

Taki,
Mai Liƙa Ganye

*

Mai Liƙa Ganye, ƙanwata,

Barka da arziki! Na yi murna ƙwarai, kuma na yi dariyar shugabar da aka rungume ba shiri.

Mu fara da takalmi: ba za a bar shi ba. Cikin kurmi ƙasa jiƙe take, akwai matsattsaku masu hawa ƙafa, akwai ƙaya da tururuwa. Shaddarki mai sitati za ta sha ruwa a ranar farko ta ƙi bushewa, kafin mako ta yi funfuna. Riga mai jan ƙasa kuwa duk abin da ke rarrafe gayyatarsa take yi, kuma a wasu dazuzzukan shuɗi da baƙi suna jawo ƙudaje masu cizo. Abin da ke takardar nan shi za ki ɗauka. Ki ware kala ɗaya daga kayan dajin ki ƙulle a leda, kada ki sa ta sai za ki kwanta, ko da kuwa jiƙaƙƙun jiya za ki mayar da safe. Takalmin ki fara yawo da shi a gida tun yau don kada ya ci miki ƙafa a can. Turare ki bar shi a kan madubi.

Hoton gindin ayaba kuma ki manta da shi. Idon Yaya ne ya yi rauni, hankalinta lafiya lau. Wata rana za ta buɗe kayan ta ji ƙanshin gidan wata a jikinsu, ko abokiyar taki ta yi suɓutar baki. Ranar da ta gane, za ta ji an mayar da ita abin lallaɓawa saboda ba ta gani, kuma wannan ya fi barin riga ciwo.

Yanzu ki sake karanta wasiƙarki. Kin ambaci lambar waya da jan zare kika wuce kamar abin dariya. A nan na tsaya ni. Matar da ta rene ki, da idon da ba ya ganin kafar allura, ta zauna ta ɗinka lamba sau shida. Tsoro take ji, ƙanwata. Tana tunanin in wani abu ya same ki a inda ba ta sani ba, wa zai kira ta. Ta yi ihun murna saboda ke, tsoron kuma ta sa shi a wuyan riga. Abin da ta sani na tafiya shi ta ɗinka miki, domin kin ɓoye mata takardar da za ta gaya mata irin tafiyar.

Ki fito da takardar yau ki karanta mata layi-layi, ki faɗa mata amfanin kowane abu: dogon hannu saboda sauro, safa saboda matsattsaku. Ki ba ta haƙurin ɓoyewar da kika yi. Mai yiwuwa ta yi fushi, ta ma yi kuka, kina da laifi kaɗan, ki jure. Sannan ki roƙe ta alfarma. In idonta zai ɗauka, ta ɗinka miki wanduna biyu da riguna biyu masu kai gwiwa, na yadi mara nauyi mai saurin bushewa, da aljihu mai zif. Ɗinki ne miƙaƙƙe, kwana goma sha ɗaya sun isa, ke ki zura zare. In ba zai ɗauka ba, ki saya, ita ta rage tsawo ta sa aljihun.

Kala shidan nan ba su yi asara ba. Ki tambayi shugabarku ko ana ajiye akwati a garin da za ku hau ƙaramin jirgi, yawanci ana yi. In haka ne, shuɗiyar ta shiga babban jirgi cikin masana kamar yadda Yaya ta so, leshin ya jira ranar dawowa. Sauran suna nan don duk taron da za ki tashi ki ba da labarin tafiyar.

Abu na ƙarshe, kada ki jira ta tuna. Da kanki za ki ɗauko jan zaren, ki miƙa mata wandon daji, ki ce ta sa miki lambar a ƙugunsa.

Allah ya kai ki lafiya, ya nuna miki ganyayenki ɗanyu shar, ya dawo da ke ga Yaya ba tare da kowa ya buƙaci kiran lambar ba.

Antinki