Turmin Inna

Assalamu alaikum Yaya Bashiru. Ya aiki, ya iyali? Da fatan kowa lafiya.

Yaya, amosanin gaɓɓan Inna ya lanƙwashe mata yatsu. Ta daina cura furar da take sayarwa a Hubbare, har zane ni ke ɗaura mata.

Na ji a rediyo ana haɗa wani magani da ido ba ya gani, mai kama da ƙwayar jini, yana tafiya kai tsaye cikin gaɓa. Na daure na tambayi likita. Ya ce har yanzu a kan ɓeraye ake gwadawa.

Na kasa faɗa wa Inna. Jiya ta ce kada a ba kowa turminta, magani na zuwa.

Ku sa mu a addu'a. A gaida yara.

Ƙanwarka, Hadiza