A Maido da Tarin Gora Kafin a Kashe Wani

Zuwa ga Shugaban wasannin kaka na garuruwanmu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni ne Mamman na Kwaya, wanda ake kira Guguwa a filin ƙwallon gora. Na rubuto a fili don kowa ya ji, tunda duk zuwan da na yi ƙofarka sai a ce kana barci.

Tun ina saurayi nake buga gaba. Ni ake turawa in kutsa tsakiyar gorori da ƙwallon goriba har in kai shi gida. Da wannan sana'a na ci, da ita na yi aure. Garin Yekuwa ya sha ɗaukata da damman gero in buga masa, garin Guci ya taɓa ba ni maraƙi. An fasa mini goshi, an karya mini yatsa, ban taɓa kai ƙara ba, don wasan maza ne.

Na ɗaya. Mun gaji al'ada: kafin a buga, kowa ya jefa gorarsa tsakiyar fili, dattawa su cakuɗa, mutum ya juya baya ya ɗauki wadda hannunsa ya faɗa kai. Shi ya sa ba mai sa wa gorarsa ƙarfe, don bai san hannun da za ta faɗa ba. Masu iya magana sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Kai ka soke tarin nan, wai yana ɓata wa manyan baƙi lokaci suna zaune a rana.

Na biyu. A kakar 1976, a filin Guci, Ilu mai tsaron bayan Yekuwa ya shigo da gora mai zoben ƙarfe, ya naɗe shi da fata. Na wuce shi da ƙwallo, ya bar ƙwallon ya auna fuskata. Na ji muƙamuƙina ya ce ƙas. Ina ƙasa ina tofar da haƙora cikin yashi, ya ƙara mini a gwiwa. Mutanenmu da suka ga jini suka afka, fili ya kaure, gora ta ko'ina. An karya wa Ilu hannu, wani tsoho mai kallo ya rasa ido ɗaya. A amalanken jaki aka kai ni likita Magariya, bakina ɗaure da rawanin wani makiyayi. Kai kuwa kana can kana rakiyar baƙinka. Yau da sanda nake tafiya, nama kuma sai dai in ji ƙanshinsa. Wallahi raina a ɓace yake da kai fiye da Ilu.

Na uku, kuma shi ya hana ni sakat. Ɗana Habu ya zama magidanci, shi ke buga mana gaba bana, Ilu kuma ya warke zai tsaya wa Yekuwa a baya. Shekaranjiya na iske gorar Habu a maƙera ana ɗora mata zobe. Na ƙwace, na zagi Habu tas. Ya dubi gwiwata ya fita. Maƙera ba ɗaya ba ce a ƙasar nan, ni kuma gurgu ba zan iya bin sa kowace ba.

Ba diyya nake nema ba. Roƙona ka maido da tarin gora ranar wasa, dattawan ɓangarorin biyu su cakuɗa da hannunsu, baƙi su yi haƙuri da rana. In Habu ya san gorarsa na iya faɗawa hannun Ilu, da kansa zai cire ƙarfen. In ka ƙi, ko dai in binne ɗa, ko jandarma su tafi da shi a ɗaure, kuma za a tambaye ka gaban Allah.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka ikon jin gaskiya, ya tsare haƙoran 'ya'yanka.

Wassalam,
Mamman Guguwa, Kwaya