Tsirkiyar Da Na Ɗaura Maka Ranar Lahadi

Zuwa ga Olaseni, Seni nawa, sanyin idona kuma zafin ƙirjina, ruwan farkon damina da ya sauka a kan kwanon ɗakina da daɗin sauti, ya wuce ya bar ni da yoyo.

Ina gaishe ka, ya mai yatsun zinariya, kamar yadda jaridu ke kiranka yanzu. Ni ce Ibidun. Na faɗi sunana ne don ranar Lahadi na ga alamar ya ɓace maka, kai da kake haddace kiɗan awa guda ba ka kalli takarda ba! Ashe kan da ya ɗauke wannan duka ba shi da wurin ajiye suna ɗaya?

Bari in tuna maka, masoyina. Ni ce wadda muka koyi goge tare a bayan cocin Ebute Metta, nan Legas, lokacin da gogenka na aro ne, kana jan baka maƙwabta na rufe taga. Ni ce wadda muka zauna tare a layin ƙarshe na masu goge a ƙungiyarmu, mu biyu, takardar kiɗa ɗaya a gabanmu. Kai kana gefen 'yan kallo, ni ina ciki, kuma na ciki shi ke buɗe shafi. Ka taɓa tsayawa ka yi tunanin abin da wannan yake nufi? Duk sanda shafi ya zo ƙarshe, sai in sauke bakana, in yi shiru, in miƙa hannu in juya takarda, don kada sautinka ya yanke. Da za a tara duk kiɗan da na haɗiye domin naka ya tafi sumul, ya isa a cika zaure a yi wasa guda. Ban taɓa jin haushi ba, wallahi. Shirun nan ya fi min duk abin da na taɓa kaɗawa daɗi, domin a cikinsa nake jin ka sosai.

Ka tuna ranar da ruwa ya tsare mu a tashar Obalende? Ba lema, motoci sun cika maƙil, akwatin gogena kuma ya tsage ta gefe. Ka tuɓe rigarka ka naɗe shi, ka tsaya daga kai sai singileti, ruwa na zuba daga haɓarka. Na ce za ka yi mura. Ka ce, "Bar ni in jiƙe, Ibi, ai ni ba da danko aka liƙa ni ba." Muka raba gasasshiyar ayaba ɗaya da gyaɗa a ƙarƙashin rumfar wata mata, tana ta zolayarmu wai yaushe za ta ci shinkafar biki. A ranar na ba ka zuciyata ɗungum, ban rage ko gutsuren da zan riƙe don gobe ba.

Da Jamus ta kira ka, wa ya fi ni murna? A filin jirgi ka sa min wata 'yar takarda a tafin hannu, siririyar tsirkiyar ƙarfe a naɗe a ciki, sabuwa fil. Ka ce, "Riƙe min wannan, ki kuma riƙe min wurinmu. In na dawo, da hannuna zan ɗaura miki ita." Na riƙe, ya hasken raina, na riƙe har riƙon ya zama abin dariya! Ba sau ɗaya ba Baba Fagbemi, shugaban masu gogenmu, ya kira ni in matso layin gaba, ina ce masa na fi jin daɗin baya. Remilekun, wadda aka zaunar a kujerarka, kullum sai ta ce, "Ke Ibidun, ƙwai kika saka a kujerar nan da kike kwanci a kai? Mutumin nan fa yana can yana cin dankali da cokali mai yatsu, ke kina nan kina buɗe min shafi!" Sai in yi dariya tare da ita. Saƙonninka suka gajarce, suka koma gaisuwar Kirsimeti, daga nan sai a jarida nake ganin fuskarka.

Sai ga Lahadi, ranar da ka dawo gida a matsayin babban baƙo don ka yi wasa da ƙungiyarmu. Ka fito gaban ƙungiya cikin baƙar kwat, zaure ya ɗauki tafi, ka tsaya kai kaɗai ba takarda a gabanka. A nan na fara fahimta: wanda ke kiɗa da ka ba ya bukatar mai buɗe shafi. Amma kai, irin kiɗan da ka yi! Kamar iskar teku ta shigo ɗakin da aka daɗe da kullewa. Na so in tsane ka, kunnena ya ƙi ba ni haɗin kai.

Ana tsakiyar kashin farko, tsirkiyarka ta ce tas! Ka san ka'ida, mu ma mun sani. Ka juya ka miƙa wa Baba Fagbemi gogenka, ka karɓi nasa, ka ci gaba ko numfashi ba ka yanke ba. Shi kuma ya karɓi na kusa da shi, naka ya yi ta tafiya hannu zuwa hannu har layin ƙarshe, inda a kullum ake jefa abin da ya lalace. Ya sauka a cinyata.

Seni, da ɗuminka ya zo. Wurin da kake ɗora haɓa yana jiƙe da guminka, turarenka ya canja amma gumin bai canja ba. Shekarun nan duka ban kusance ka kamar wannan lokacin ba, kuma katako ne na rungume! Ina da wasu tsirkiyoyin a aljihu, amma hannuna bai nemi shawarata ba, taka ya ɗauko. Na warware tsinkakkiyar, na zura sabuwar, na murɗa a hankali, na kara kunnena a jikin katako ina ɗan taɓa ta da farce don in daidaita ta, ƙungiya na ruri kewaye da ni. Remilekun ta buɗe shafinta da kanta. Da aka kai hutun tsakani, goge ya koma gaba yadda ya zo. Ka ja baka sau ɗaya, ka ji ta zauna daram, ka gyaɗa wa Baba Fagbemi kai.

Bayan an tashi na tsaya a layin masu gaishe ka. Baba ya kamo hannuna ya ce, "Ɗana, ga wadda ta cece ka yau." Ka dube ni, ka yi irin murmushin da kake wa masu neman hoto, ka ce, "Madam, sannu da aiki. Hannunki na da kyau." Madam! Ni ce Madam? Da mantawa ka yi, da na yafe, domin mantuwa ciwo ce. Amma na ga babban yatsanka yana murza ɗan yatsan kusa da shi, yadda kake yi tun muna yara in za ka yi ƙarya. Ka gane ni sarai. Ka auna ni, ka ga ban dace da kwat ɗin ba.

Ka ce da hannunka za ka ɗaura min tsirkiyar nan. To ga shi ni na ɗaura maka, da ita ka ƙarasa wasan, da ita aka yi maka tafin da ya ƙi ƙarewa. Alkawari ya cika, sai dai ya cika a juye. Na san halinku, ku manya ba kwa barin tsirkiya ta tsufa. Nan da 'yan kwanaki za ka cire ta ka jefa a kwandon wani otal, ba tare da ka san shekarun da ta yi a aljihuna ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Baba Fagbemi zai ajiye baka, yatsunsa sun fara ƙin jin magana, kuma ni ya zaɓa in hau kujerarsa. Ranar Juma'a yake jiran amsata, jirginka kuma Alhamis zai tashi. Ka zo, abin ƙaunata! Ka san gidan, bai motsa daga Yaba ba. Ba na neman zobe, ba na neman Jamus. Ka tsaya a ƙofa ka ce "Ibi," shi ke nan, zan koma layin baya in ci gaba da kwancin ƙwaina har furfura ta rufe ni, Remilekun ta yi dariya har ta gaji.

In kuwa ba ka zo ba, zan karɓi kujerar Baba. Ka san abin da kujerar nan take nufi. Duk ranar da ka sake zuwa Legas, hannuna za ka fara kamawa a gaban jama'a kafin ka ɗaga baka, shi za ka sake kamawa in ka gama. Ranar da tsirkiyarka ta sake tsinkewa kuma, ba wanda zai ɓoye ni a baya: gabana za ka juyo, gogena za ka nema. Zan ba ka, Seni, ban taɓa hana ka komai ba. Amma ba zan saki wuyansa ba sai ka kira sunana, ko da kiɗan duka zai tsaya yana jiranmu.

Taka jiya, taka yau, taka har ranar da yatsuna za su daina motsi,

Ibidun