Ƙarin Albashin Da Ya Rufe Wa 'Ya'yana Ƙofa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban ƙungiyar agajin da ke riƙe da gidan renon yara na Harra ta Gabas, Madina.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ranka ya daɗe, na rubuto da Hausa ne da gangan, don na san kakanka da ƙafa ya zo ƙasar nan daga Yamma kamar nawa. Ni mai wanki ce a wani asibiti, mijina ya rasu ya bar ni da yara biyu, mace mai shekara biyar da ƙaninta Bilal.

Na farko. Dokarku ta ce hadana, wato gidan renon, na 'ya'yan masu albashi mafi ƙanƙanta ne. Bara, da tsadar kaya ta ishi kowa, aka ɗaga albashin ƙasa, ni ma aka ƙara mini riyal hamsin. Har alewa na raba a unguwa. Ashe ku kun bar ma'auninku a tsohon albashi, sai ƙarin ya tsallakar da ni layinku, kuka sallame mu. Mai reno mafi araha a unguwar Azizya ninkin ƙarin nan uku take karɓa. Wai an ƙara wa Barno dawaki.

Na biyu, kuma shi ne ya hana ni barci. Daga baya na ji cewa mai ƙananan yara biyu ba a sallamarta ko da albashinta ya haura. Ba wanda ya gaya mini wannan a ranar tantancewa. Ma'aikaciyarku ta tambayi kunyata, irin ta Larabawa, sunan da ake kiran uwa da na ɗanta. Na ce Ummu Bilal. Ta nuna yarinyar da ke riƙe da gefen abayata ta tambaya ko tawa ce. Surukata na zaune a gefena. Na sunkuyar da kai na ce ta gidanmu ce. Sai ta rubuta ɗa ɗaya.

Ranka ya daɗe, ka tambayi mahaifiyarka ko ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari a gaban mutane. Su kunyarsu ita ce a yi tinƙaho da sunan ɗa, tamu kuwa a haɗiye shi. Rabin matan da ke kawo muku yara 'yan gidajenmu ne, amma ba ku zaunar da ko mace ɗaya mai jin Hausa a teburin nan ba. Na koma don a gyara, aka ce an rufe rajista sai baɗi.

Na uku. Surukata ta koma wurin wani ɗanta a Makka, maƙwabtana duk masu fita aiki ne. Sai na fara kulle yaran a gida, babbar tana kula da ƙaramin. Wata rana cikin zafin Sha'aban ruwan da na ajiye musu ya zube. Ta ja kujera ta hau don ta ɗebo wa ƙaninta a barmil, gangar da muke tara ruwa. Da na dawo na tarar da Bilal zaune a jikin gangar yana bubbuga ta da moɗa, ita kuwa tana ciki. A maƙabartar Baƙi'a aka binne ta.

Na san kwana ne ya ƙare, ban ja da ikon Allah ba. Amma ina da fushi, kuma ba zan ɓoye ba. Na zubar da gangar, na ba da kujerar, duk da haka in na tsoma hannu a bahon wanki a wurin aiki sai in ji kamar gashinta na taɓa. Bilal yakan tsaya inda gangar take yana kiranta da tsamin bakinsa. Shi yana kiran sunan, ni da na haife ta ban taɓa ba. Ke nake ce mata, ta amsa da gudu.

Har yau kullum da safe ina juya makulli a kan Bilal, yanzu shi kaɗai. Ina jin tafin hannunsa a jikin ƙofa har in sha kwana.

Roƙona shi ne ku mayar da Bilal hadana tun kafin baɗi, don ban san abin da zai hau gobe ba. Duk sanda aka ɗaga albashin ƙasa, ku ɗaga ma'auninku tare da shi. Ku kuma sa 'yar gida a teburin tantancewa, wadda in uwa ta sunkuyar da kai za ta gane amsa ce aka ba ta.

Sannan ku gyara takardarku. Ba don a ba ni komai ba, don dai ta ce na haifi biyu. Sunanta Ruƙayya. Wannan ne karo na farko da ya fito daga wurina.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya raya maka zuri'a, kada ya nuna maka abin da na gani.

Wassalam.

Ummu Ruƙayya,
Harra ta Gabas.