Mu Uku Muke Aiki a Gida, Amma Tukunya Ba Ta Shaida Ba

Malama mai wannan fili, ina gaisuwa. Don Allah ki agaza mini da shawara, abin da ke cina ya kai inda ba na iya faɗa wa kowa a gida, kuma kwana goma kacal gare ni in ba da amsa. Ki rufa mini asiri, kada ki sa sunana.

Ni matar aure ce, shekaruna arba'in da ɗaya, 'ya'yanmu biyar. Maigidana ya yi shekara goma sha shida yana gyaran injuna a wata masaƙa. A lokacin shi kaɗai ke aiki, amma ɗaki biyu da falo muke haya, yara suna makaranta, nama bai zama baƙo a gidanmu ba. Da aka rufe masaƙar sai da muka yi shekara biyu a zaune. A waɗannan shekarun, in ban faɗa ba na yi butulci, wan maigidana ne ya riƙe mu. Yaya Babba muke ce masa. Buhun shinkafa shi ne, kuɗin makaranta shi ne, ranar da aka yi wa autata tiyata shi ya tsaya a asibiti har aka fito da ita.

Daga baya aka fara gina manya-manyan rumbunan ajiyar kaya a bayan gari, kamfanoni suka cika wurin. Yaya Babba ya samu kwangilar kai wa ɗaya daga cikinsu ma'aikata. Ya sa maigidana a wajen lodi, ya sa ni a teburin shirya kaya, ina jera sabulu da man shafawa a kwali ina liƙewa da salatif. Bayan wata uku ya ɗauki 'yar farina, tana manna lamba a jikin kwalaye. Ranar da muka karɓi albashi mu uku a tare, har kuka na yi don murna.

To Malama, yau shekara ɗaya da rabi ke nan. Tunda ma'aikata suka cika unguwarmu mai gidan haya ya yi ƙari sau biyu, muka koma ɗaki ɗaya da falo, muka raba falon da labule, 'yan mata a ciki, maza a waje. Kayan masarufi kuwa kin san halin da ake ciki. Kullum a motar da ke kai mu aiki rediyo na faɗin wai ayyuka sun ƙaru a birnin nan, talauci ya ja baya. Kwanaki ma wata mata mai ƙidaya ta zo gidanmu, ta tambaye ni mutum nawa ke aiki, na ce uku, ta ce ai mu muna cikin waɗanda suka haye. A kan jarkar ruwa take zaune tana faɗin haka, don kujerun mun sayar lokacin tashi.

Na daɗe ina ɗora wa tsadar rayuwa laifi, sai wata biyu da suka wuce. A wurin aikinmu riga iri biyu ce. Waɗanda kamfani ya ɗauka da kansa shuɗiya suke sawa, mu na ɗan kwangila rawaya. Teburina ɗaya da wata mai shuɗiyar riga, Uwar Biyu muke kiranta, aikinmu iri ɗaya, ni ma na fi ta sauri. Muna cin abincin rana tana ƙorafin albashi ba ya kai ta ƙarshen wata, sai ta faɗi abin da take karɓa. Ya kusa ninka nawa. Ta nuna mini takardar da ake ba su duk wata, an rubuta abin da aka biya da abin da aka cire. Mu kuwa ambulan ake miƙo mana, da suna a rubuce da fensir, shi ke nan.

Ba a yi sati ba aka aike ni ofishin mai kula da sashenmu in ɗauko salatif. Ba ya nan. A kan teburinsa na ga takarda mai sunan kamfanin Yaya Babba. Ban taɓa ta ba, amma na yi sakandare, idona ya karanta. Abin da kamfani ke biyansa a kan kowane ma'aikaci ya yi daidai da na Uwar Biyu, har da ɗoriya. Kuma an rubuta mutum sittin da huɗu. Na ƙirga masu rawayar riga kwana uku a jere, ban wuce hamsin da bakwai ba. Ina sauran bakwai ɗin?

Na sami maigidana yana cire takalmin aiki, na faɗa masa a hankali. Ya ɗago ya dube ni ya ce, “Mutumin da ya ciyar da ke shekara biyu, shi kike ƙirga wa loma?” Tun ranar gaisuwa ce kawai ke haɗa mu. Na je wurin faccalata, matar Yaya Babba, na ɗan zagaya na tambaye ta ko za a fara ba mu takardar albashi. Ta yi dariya ta ce ita ina ta san harkar maza. A cikin satin aka ɗauke 'yata daga teburin lamba aka mai da ita jan kwalaye, yanzu kullum da ciwon baya take dawowa. An ce wai sauyin wuri ne da ake yi wa kowa. Ni dai na san ruwa ba ya tsami banza. Akwai kuma wani dattijo a wajen lodi da ya taɓa tambayar takarda a gaban mutane, wata bai ƙare ba aka ce babu sunansa a mota.

Shekaranjiya Yaya Babba ya kira ni cikin sabuwar motarsa a harabar kamfani, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce yana so ya ba ni shugabancin layinmu daga farkon wata, da ƙarin kuɗi, don na gida ake ba amana. Kwana goma suka rage mini in ba shi amsa. Ƙarin zai biya mana haya. Amma me ya sa sai yanzu? Toshiyar baki ce? A gefe guda kuma 'yan'uwana masu rawayar riga suna tara sa hannu za su kai wa manaja ƙarar cewa ana cinye musu haƙƙi. Wasu na matsa mini in sa, wai in aka ga sunan 'yar gida za a yarda. Wasu kuwa da na doso sai su yi shiru, sun ɗauka ni ce kunnensa.

Abin da ya fi ba ni kunya, na fara zargin maigidana ma. Ina cewa ko ambulan ɗinsa ya fi namu nauyi shi ya sa ba ya son maganar. Har aljihun rigarsa na laluba, ban ga komai ba sai tikitin mota da maganin ciwon jiki. Ban taɓa zama irin wannan matar ba. In na sa hannu, mu uku za mu iya rasa aiki rana ɗaya, zumunci ya watse. In na karɓi muƙamin, da wane ido zan dubi mutane? Ki faɗa mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Taki, Mai Rawayar Riga.

AMSA

'Yar'uwa Mai Rawayar Riga, na karanta wasiƙarki sau biyu. Ba ke kaɗai ba ce, wasiƙu irin taki sun yawaita a teburina. Rediyo bai yi ƙarya ba da ya ce ayyuka sun ƙaru, tukunyarki ma ba ta yi ƙarya ba. Mai ƙidaya kawuna take ƙirgawa, ba ta tambayi abin da ya rage bayan haya ba.

Mu fara raba abin da kika sani da abin da kike zato. Kin san na kamfani sun fi ku albashi. Wannan haka yake kusan ko'ina, dalilin da ya sa kamfanoni ke son 'yan kwangila ke nan. Kin san abin da ake biyan wan mijinki a kan kowane mutum, amma ba ki san abin da ke fita daga ciki ba. Motar da ke kai ku tana shan mai, direba na karɓar albashi, akwai riguna, akwai haraji, akwai ribarsa, kuma riba ba sata ba ce. Mutum bakwai ɗin nan ma za su iya zama masu hutu, ko marasa lafiya, ko masu aiki a wani sashe. Ban ce ya wanku ba. Na ce takardar da kika leƙa a tsaye ba ta isa a kira mutum ɓarawo ba.

Amma abu ɗaya ba zato ba ne: ana biyan ku babu takarda, kuma wanda ya tambaya ya rasa gurbinsa. Wannan ba daidai ba ne ko da uban mutum ne ke biya. Alherin da ya yi muku babba ne, ki riƙe shi har abada, sai dai alheri ba ya sayen shirun mutum a kan guminsa.

Ki fara da gida. Mijinki ba abokin gabarki ba ne. Mutum ne da ya yi shekara goma sha shida yana gyaran inji, yau yana ɗaukar kwali a ƙarƙashin wansa, nauyi ya rufe masa baki. Ki daina laluben aljihunsa. Ki same shi ki ce ba sata kike zargi ba, takarda kike so, kuma ba ki son yin komai a bayan idonsa.

Sannan ku je wurin Yaya Babba tare, a gidansa, kafin kwana goman su cika. Ki gode masa, ki ce za ki karɓi shugabancin layi idan kowane mai rawayar riga zai riƙa samun takardar albashi, don ba za ki iya shugabantar mutanen da ke kallon ki da zargi ba. Ki gaya masa mutane na gunaguni, ba tare da kin ambaci sunan kowa ba. In hannunsa tsaf yake, takarda ba za ta rage shi da komai ba, sai ma ta wanke shi. In ya fusata ko ya fara kame-kame, kin sami amsarki, ki ba shi haƙuri ki zauna a teburinki.

Takardar ƙarar kuwa, kada ki sa hannu a kan kalmar cin haƙƙi da ba ku da hujjarta, za ta iya juyowa kanku. Ki ba su shawara su sake rubutu, su nemi takardar albashi da damar komawa ƙarƙashin kamfani ga wanda ya daɗe. Su fara zuwa ofishin ƙwadago su ji abin da doka ta tanada, tambaya ba ta cin kuɗi. Irin wannan takardar kina iya sa mata hannu kanki a sama, bayan kin sanar da mijinki da wansa.

Na ƙarshe, kuma shi ya fi damuna: abincin gidanku gaba ɗaya a hannun mutum ɗaya yake. Ko da waliyyi ne, kwangila tana ƙarewa. 'Yarki tana da ƙuruciya da shekara guda ta ƙwarewa, ta fara kai takardunta sauran kamfanonin tun wannan satin. Mijinki ma ya leƙa, inda ake da injuna ana neman mai gyara.

Ki tafi da ladabi, ki yi tambayarki a fili, ki bar amsarsa ta nuna miki ko wane ne shi. Allah ya sa albarka a guminku, ya ba 'yarki lafiya, ya bar ku da zumuncinku.