Kujerar Hannun Dama

Lahadi, 12 ga Nuwamba, 2006

Ƙafafuna sun kumbura, barci ya ƙi zuwa. Yau ɗana Sani ya kai ni gidansa na garin Summerfield cin abincin rana, abin da rabonsa da yi tun Sallar bara.

Ya zaunar da ni a hannun damansa. Matarsa Hadiza da kanta ta zuba mini abinci, har da durƙusawa. An hana jikoki kunna talabijin. Nan na tuna wani tsohon darasi.

Lokacin da gwamnati ta tura mu Madrid koyon aikin jakadanci, wani tsohon malami ya koya mana tsarin zaman teburi, wanda mutanen ƙasar suka gada tun zamanin sarakunansu. Ya ce jakada ya lura da kujerarsa fiye da jawabin mai gida, domin ran da aka girmama ka fiye da kullum, liyafar sallama ce.

Kusa da ni aka zaunar da wata Baturiya, wai ƙawar Hadiza ce daga garin Pleasant Garden. Tana murmushi tana tambayata ko ina iya wanka ni kaɗai, ko na taɓa faɗuwa, ko nakan mance murhu a kunne. Na amsa da ladabi. Ma'aikatan gidan tsofaffi ne ke irin waɗannan tambayoyi.

Sani ya rako ni har ƙofar ɗakina a titin Wendover, bai dubi idona ba.

"Baba, ran Laraba za mu shan iska Pleasant Garden. Ka sa magungunanka a jaka."

"Na yini ɗaya?"

"Duka dai, Baba. Ka sa duka."