Haƙoran Haula

Dakoro, 3 ga Maris

Baban Zakiru,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya aikin allurar dabbobi a Tagris? Ya rana? Mu nan lafiya lau.

Kimba direba ya ce kana tambayar abin da ya hana ka jin muryata a rediyo wata biyu. Na ce masa mura ce. Ƙarya na yi, ka yafe mini. Kabu-kabu ya kayar da ni bakin tasha, haƙorana huɗu na sama suka zube. Kunya ta hana ni gaya maka.

Na je Maraɗi, lokotoro, wato likitan haƙori, ya auna bakina ya yi mini na roba, masu ƙugiyar ƙarfe da ke kama na gefe. Yau kwana tara ina sa su. Miyau bai tsayawa, dasashina ya yi gyambo, tuwo ma kamar da bakin wani nake ci. Abin da ya fi damuna, in na ce "sanarwa" sai fito ya fita. Wuni nake ina kewaya tsakar gida da tsofaffin takardu ina karanta wa kaji. Na zauna, na tashi, na cire, na mayar.

Taka,
Haula

Dakoro, 12 ga Maris

Baban Zakiru,

Bayan gaisuwa, ya ƙarfin jiki? Ba amsa daga gare ka, ko Kimba bai kai ba?

Na koma Maraɗi an goge inda ke cizona, ciwon ya ragu. Amma Malam Mainassara, shugaban gidan rediyonmu, ya ce in ban dawo Litinin ba, Lalla da ke riƙe mini za ta zauna a kujerar. Shekara goma sha ɗaya ina karanta haihuwa da rasuwar mutanen ƙasar nan. Jiya na kai ƙofar gidan rediyon har sau biyu ina juyowa.

Ka sa ni a addu'a.
Haula

Dakoro, 18 ga Maris

Baban Zakiru,

Ina gaishe ka, ina gaida abokan aikinka. Na ga takardarka, na karanta ta sau uku.

Ran Asabar wani dattijo, Samba, makiyayi daga Birnin Lalle, ya yi sallama a gidanmu. Matarsa ta rasu, dangi sun watsu da shanu. Ya ce marigayiyar ba ta yarda da labari sai ta ji shi daga bakina, don haka ba wadda za ta faɗi rasuwarta sai ni. Na buɗe baki na nuna masa. Ya duba, ya ce shi murya ya zo nema.

Na tafi gidan rediyon. A suna na bakwai robar ta motsa, na danne ta da harshe, na karanta sunayen dangin goma sha tara har ƙarshe. Fiton ya fita, na ji shi. Kafin la'asar dangin sun fara sauka Birnin Lalle. Malam Mainassara kuwa takardun Litinin kawai ya miƙo mini.

Ka ce Juma'a za ka iso. Tun da na karanta haka na kasa zama wuri ɗaya. Zan tarbe ka da haƙoran a baki, in mun shiga ɗaki in cire ka gani. Don Allah kada ka kau da kai.

Matarka,
Haula